Yadda Ake Gano Tsayin Mutumin da Ba Zai Iya Miƙewa Tsaye Ba

Auna tsayin mai lafiya ba wani aiki ba ne: ya cire takalmi, ya jingina da bango, a ɗora littafi a kansa a ja layi, shi ke nan. Wahalar tana zuwa ne idan wanda za a auna yana kwance ko zama ba ya iyawa, ko tsufa ya ranƙwafar da shi, ko yana kan keken guragu, ko an yanke masa ƙafa. Su kuwa irin waɗannan mutane su ne aka fi bukatar sanin tsayinsu. Da tsayi ake lissafa BMI, wato ma'aunin da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa, don a gane ko mara lafiya ya rame fiye da kima. Da shi ake saita yawan iskar da na'urar taimakon numfashi za ta riƙa hura wa huhu. Da shi da nauyi ake fitar da faɗin fatar jiki, wanda a kansa ake yanka adadin wasu magunguna masu ƙarfi irin na ciwon daji.

Kada a raina 'yan santimitoci. Mace mai kilo 50, idan aka rubuta tsayinta 160, BMI ɗinta 19.5 ne, babu wanda zai ɗaga ido. Idan kuwa ainihin tsayinta 165 ne, BMI ɗin 18.4 ne, ta faɗa ƙasa da 18.5, iyakar da daga nan ake cewa mutum ya rame. A wajen na'urar numfashi ma haka: ana ƙiyasta nauyin da ya dace da tsayin namiji da 50 + 0.91 × (tsayi − 152.4), na mace da 45.5 + 0.91 × (tsayi − 152.4), sannan a ba da mililita 6 zuwa 8 na iska a kan kowane kilo. Wanda ya dubi mara lafiya da ido ya ƙara masa santimita 10, ya ƙara masa kilo 9 a takarda, wato sama da mililita 50 a kowane numfashi, dare da rana.

Wane tsayi ake nema?

Kafin a ɗauki tef, a amsa wannan tambaya, domin mutum ɗaya yana da tsayi fiye da ɗaya. Da safe ya fi tsawo da santimita 1 zuwa 2 a kan yamma, saboda faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da tsayuwar yini. Da shekaru kuma raguwar takan zauna: daga shekara 30 zuwa 70 namiji yakan rasa kimanin santimita 3, mace kimanin 5, kuma zuwa 80 abin yakan kai 5 da 8. Yawancin wannan raguwa a gadon baya take. Dogayen ƙasusuwan hannu da na ƙafa ba sa gajarcewa; yadda suka tsaya a ƙarshen girma haka za su kai mutum kabari. Wannan shi ne tushen duk dabarun da ke tafe. Ana auna ƙashin da bai canza ba, a tambaye shi tsawon jikin da yake ɗauke da shi.

Amma fa ƙashin amsar samartaka yake bayarwa. Tsawon hannuwan dattijo mai shekara 80 zai gaya maka tsayinsa na lokacin da yake ɗan 25. Idan girman huhu ake son sani, wannan amsar ce ake so, domin doro ba ya canza girman huhun da aka halicci mutum da shi. Idan kuwa tsayinsa na yau ake nema, sai a zaɓi lissafin da ke cire wani abu saboda shekaru.

Kayan aiki kaɗan ne: tef mai santimita wanda ba ya miƙewa idan an ja shi, alƙalamin da ake iya gogewa daga fata, littafi mai taurin bango ko rula biyu, da kalkuleta. Tsohon tef ɗin tela yakan saki, don haka a shimfiɗa shi kusa da rula a ga ko santimita 30 ɗinsa ta yi daidai da ta rula. A kuma lura da fuskar da ake karantawa. Yawancin tef inci ne a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen, kuma duk lissafin da ke nan na santimita ne. Wanda ya riga ya auna da inci ya ninka da 2.54.

Gaba

Gaba ita ce tazarar da ke tsakanin kan yatsan tsakiya na dama da na hagu idan an ware hannuwa gaba ɗaya. Tun zamanin Rumawa wani magini mai suna Bitrubiyus ya rubuta cewa gaban mutum daidai take da tsayinsa, kuma a kan wannan magana ce Leonardo da Vinci ya yi zanen nan nasa na mutum a cikin da'ira da murabba'i wajen shekarar 1490. Maganar tana kusa da gaskiya, amma ba ta kai ta ba.

Mutum ya jingina bayansa da bango, ko ya kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai tauri. Ya ware hannuwa daidai da kafaɗa, tafin hannu yana kallon gaba, yatsu a miƙe. Idan a bango ne, ya fi sauƙi a sa kan yatsa ɗaya ya taɓa kusurwar ɗaki, a yi alama a inda ɗaya yatsan ya tsaya, sannan mutum ya matsa a auna bangon. Idan a kwance ne, mutum biyu ake bukata, tef ya bi ta kan ƙasusuwan wuya, ba ta kan ƙirji ba, musamman ga mata, don kada tudun ƙirji ya lanƙwasa shi.

A yawancin manya gaba ta ɗara tsayi. Ga Turawa bambancin kaɗan ne, ga mutanen da asalinsu Afirka ne kuwa hannu da ƙafa sun fi tsawo idan an gwada da gangar jiki, har ba abin mamaki ba ne gaba ta wuce tsayi da santimita 5 zuwa 10 a jikin mai cikakkiyar lafiya. Shi ya sa masu gwajin huhu ke raba gaba da wata lamba tsakanin 1.01 da 1.06 maimakon su ɗauke ta yadda take. Gaba 180 idan aka raba da 1.03 tana ba da 174.8, idan aka raba da 1.06 tana ba da 169.8. Ga mai dogayen hannuwa, ta biyun ta fi kusa. Ga ƙananan yara kuma abin yakan juye, sau da yawa gabansu ba ta kai tsayinsu ba, don haka ba a amfani da wannan hanya a kansu kai tsaye.

Babban aibin gaba shi ne tana bukatar kafaɗu biyu, gwiwoyin hannu biyu da yatsu masu lafiya. Tsohon da amosanin gaɓɓai ya kama, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba zai iya ba ka wannan ba.

Rabin gaba

Nan hannu ɗaya ya wadatar, kuma mutum yana iya zama a kujera ko ya kwanta. Wata mai bincike a Nottingham ta Ingila, Joan Bassey, ita ta fitar da lissafin a 1986.

Sa yatsanka a gindin maƙogwaro, inda ƙasusuwan wuya biyu suka haɗu da ƙashin ƙirji. Za ka ji wani ɗan rami. Tsakiyarsa ce alama ta farko. Alama ta biyu ita ce tsakanin gindin yatsan tsakiya da gindin yatsan zobe, wato inda fatar yatsun biyu ta haɗu. Sai mutum ya miƙa hannun zuwa gefe, daidai da kafaɗa, wuyan hannu a miƙe. Ka maƙala farkon tef a tsakanin yatsun nan biyu, ya riƙe da kansa, ka ja zuwa ramin wuya.

Namiji: (1.40 × awo) + 57.8
Mace: (1.35 × awo) + 60.1

Namijin da awonsa ya ba da 82, tsayinsa 172.6 ke nan. Mace mai 76, tsayinta 162.7.

Kuskure biyu ne suka fi yawa, kuma dukansu daga rikita alama suke. Wani sai ya auna har kan yatsa, ya sami 90 a maimakon 82, ya zuba a lissafin, sai ga tsayi 183.8, an ƙara wa mutum santimita 11 da ba nasa ba. Wani kuma sai ya auna daidai zuwa gindin yatsa amma ya ninka biyu kawai, ya sami 164. Idan ninkawa biyu za a yi, to har kan yatsan tsakiya ake aunawa, kuma abin da ya fito gaba ce, sai an yi mata gyaran da aka ambata a sama. Sai kuma hannun da ya gaji. Dattijo ba zai iya riƙe hannunsa a sama na minti guda ba, zai riƙa saukowa a hankali ba tare da ya sani ba, kafaɗar kuma ta zamo gaba. A sami wanda zai tallafi gwiwar hannun daga ƙasa, a kuma gama nemo alamomin tun kafin a ce, "Baba, a ɗan miƙa hannu."

Ƙashin hannu

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda ke kwance, domin ba sai an yaye masa bargo ba. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne. Wanda ake nema shi ne na ɓangaren ƙaramin yatsa, likitoci suna ce masa alna. Lissafinsa yana cikin tsarin tantance rashin abinci mai gina jiki da ake kira MUST, wanda ƙungiyar BAPEN ta Birtaniya ta fitar a 2003.

1. A zaɓi hannun hagu idan lafiyarsa ƙalau. A cire agogo da awarwaro, a naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu.
2. Mutum ya lanƙwasa hannun a kan ƙirjinsa, tafin hannu ya kwanta a ƙirji, yatsu suna nuna kafaɗar dama.
3. A laluba tsinin gwiwar hannu, wurin da ke fara taɓa tebur idan mutum ya dogara. A yi ɗigo.
4. A wuyan hannu, ta gefen ƙaramin yatsa, akwai wani ƙullutun ƙashi da ke fitowa kamar ƙwallo. A yi ɗigo a tsakiyarsa, ba a ƙarshensa na wajen yatsu ba.
5. A auna tsakanin ɗigon biyu, tef a miƙe a kan ƙashin, a karanta zuwa rabin santimita mafi kusa.

Namiji ƙasa da shekara 65: (3.60 × awo) + 79.2
Namiji mai 65 zuwa sama: (3.15 × awo) + 86.3
Mace ƙasa da shekara 65: (2.77 × awo) + 95.6
Mace mai 65 zuwa sama: (3.25 × awo) + 80.4

Namiji ɗan shekara 40 mai awo 27.5 zai ba da 178.2. Tsohuwa mai shekara 70 da awo 24 za ta ba da 158.4.

Dubi lambar da ake ninkawa da ita. Ƙashin gajere ne, don haka kowace santimita ɗaya da hannunka ya goce tana zama kusan uku zuwa uku da rabi a tsayi. Sauƙin hanyar shi ne tarkonta: mutane sukan ɗora tef a kan riga, ko su auna hannu a miƙe inda tsinin gwiwa ya ɓuya cikin nama, ko su zarce ƙullutun wuyan hannu zuwa lanƙwasar fata. Ga mai ƙiba ko mai kumburi, sai an danna yatsa sosai kafin a ji ƙashi. Idan ƙullutun ya ƙi bayyana, a bi gefen ƙashin da yatsa tun daga gwiwar hannu, domin alna tana kwance dab da fata a duk tsawonta, a sauko har inda ta ƙare. Wanda ya taɓa karyewa a wuyan hannu, a koma ɗaya hannun, don ɗori yakan karkatar da ƙashi ko ya rage shi.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa a fili. Lambobin nan daga jikin Turawan Birtaniya aka samo su, kuma da aka gwada su a kan baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya an ga suna ƙara musu tsayi. Dalilin ɗaya ne da na gaba: ƙashin hannu mai tsawo a jikin da bai kai tsawon da lissafin ke zato ba. Don haka ga baƙar fata, amsar alna a ɗauke ta a matsayin iyakar sama, a nemi wata hanya ta biyu a gwada.

Tsayin gwiwa

Idan da hali, wannan ce hanyar da ta fi cancanta a ba ta lokaci, domin ƙafa wani yanki ne na tsayin kansa, ba kamar hannu ba da ake kwatance da shi kawai. Cameron Chumlea da abokan aikinsa a jihar Ohayo ta Amurka ne suka fitar da lissafin farko a 1985, don tsofaffi masu shekara 60 zuwa 90.

Duk aikin ya rataya ne a kan kusurwa biyu. Gwiwa ta lanƙwashe digiri 90, idon sawu ma ya tsaya digiri 90, kamar mutumin da ke zaune a kujerar da ta yi daidai da shi, tafin ƙafarsa a shimfiɗe a ƙasa. Idan mutum yana iya zama, a zaunar da shi haka, ba takalmi. Kujera ta yi tsawo, a sa littattafai a ƙarƙashin ƙafar. Ta yi gajarta, a ƙara matashi a mazauni, har cinya ta kwanta daidai. Idan yana kwance, a ɗaga ƙafar hagu, wani ya tallafi bayan cinya da ƙwauri, a duba kusurwar da gefen littafi. Ido yana yaudara a nan, ƙafar da ake gani kamar ta yi 90 sau da yawa ba ta kai ba.

Asalin kayan awon wani ma'auni ne mai baki biyu, ɗaya a kafe, ɗaya yana zamewa. Bakin da ke kafe yana shiga ƙarƙashin diddige, mai zamewa yana sauka a kan cinya, ɗan bayan ƙoƙon gwiwa da santimita 3 zuwa 4. Sandar ma'aunin tana bin gefen waje na ƙwauri, ta ratsa ta kan ƙullutun idon sawu na waje. Ana danna bakin sama har ya matse nama. Inda babu wannan ma'auni, littafi mai tauri ko rula a kwantar a kan cinya a daidai wurin nan, ta ɗan leƙo ta gefe, a danna, sannan a auna da tef daga ƙasan rular zuwa ƙasa ko zuwa allon da aka tokare diddige da shi. A auna sau biyu. Idan bambancin ya wuce rabin santimita, a sake gyara ƙafar daga farko.

Lissafin 1985:
Namiji: 64.19 − (0.04 × shekaru) + (2.02 × tsayin gwiwa)
Mace: 84.88 − (0.24 × shekaru) + (1.83 × tsayin gwiwa)

Tsohuwa mai shekara 75, tsayin gwiwa 47: 84.88 a cire 18, a ƙara 86.01, ya zama 152.9. Dattijo mai shekara 70, tsayin gwiwa 53: 64.19 a cire 2.8, a ƙara 107.06, ya zama kusan 168.5.

Lura da yadda shekaru ke aiki a lissafin mata. Idan aka yi kuskuren shekara goma, tsayin mace zai goce da santimita 2.4, na namiji da 0.4 kacal. Tsohuwar da ba a tabbatar da shekarunta ba, gara a ɗan tsaya a yi tambaya da kyau kafin a danna kalkuleta.

Waɗannan lambobi ma na fararen fata ne. Daga baya Chumlea ya fitar da wasu da suka raba baƙar fata da farar fata. Na 1998, ga baƙaƙen fatar Amurka masu shekara 60 zuwa sama:
Namiji: 79.69 + (1.85 × tsayin gwiwa) − (0.14 × shekaru)
Mace: 89.58 + (1.61 × tsayin gwiwa) − (0.17 × shekaru)

Na 1994, ga manya da ba su kai 60 ba:
Namiji baƙar fata: 73.42 + (1.79 × tsayin gwiwa)
Namiji farar fata: 71.85 + (1.88 × tsayin gwiwa)
Mace baƙar fata: 68.10 + (1.86 × tsayin gwiwa) − (0.06 × shekaru)
Mace farar fata: 70.25 + (1.87 × tsayin gwiwa) − (0.06 × shekaru)

Gwada tsayin gwiwa 54 a layi biyun farko: 170.1 da 173.4. Ƙafa ɗaya, awo ɗaya, bambancin santimita uku da ɗoriya, don kawai an canza mutanen da aka gina lissafin a kansu.

Abubuwan da ke ɓata wannan awo sanannu ne. Kumburin ƙafa yana ƙara kauri a ƙarƙashin diddige da saman gwiwa. A auna da safe, ko bayan an ɗaga ƙafar na ɗan lokaci, a kuma danna sosai. Cinya mai kauri tana ɗaga rula idan ba a matse ba. Diddigen da ya ɗage saboda jijiyar bayan ƙafa ta ɗaure yana ƙara tsawo. Ƙafar da shan inna ya taɓa tun yarinta ba ta girma daidai da ɗayar ba, don haka lafiyayyar ake aunawa ko da ta dama ce. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya, a auna wadda ta rage. Wanda ya rasa duka biyun, a koma hannu.

Yara

Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi, a kan allon awo, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya danne gwiwoyi ya tura allon ƙafa zuwa diddige. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa cewa tsawon kwance ya fi na tsaye da santimita 0.7, don haka idan aka auna yaro mai shekara 2 zuwa sama a kwance, a cire 0.7 kafin a duba jadawalin girma.

Yaran da lalurar ƙwaƙwalwa ta sandarar wa gaɓɓai ba sa miƙuwa ko a kwance, kuma kada a tilasta musu. Richard Stevenson ya fitar musu da lissafi a 1995, wanda ke aiki har zuwa shekara 12:
Da tsayin gwiwa: (2.69 × awo) + 24.2
Da ƙashin ƙwauri: (3.26 × awo) + 30.8

Ƙashin ƙwauri da tef kawai ake auna shi, ta gefen ciki: daga bakin ƙashin na sama, inda ake jin ɗan tsagi a cikin gaɓar gwiwa, zuwa ƙasan ƙullutun idon sawu na ciki. Ƙwauri 26 yana ba da 115.6, tsayin gwiwa 34 yana ba da 115.7. Kada a ɗora wa yaro lissafin manya, jikinsa bai gama rabon tsawo tsakanin gangar jiki da ƙafafu ba.

Sawu da ƙashin cinya

Tafin ƙafa kusan kashi 15 cikin ɗari ne na tsayi. Mutum ya taka takarda da dukan nauyinsa, a yi alama a bayan diddige da kan yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban yatsa ba. A raba da 0.15: ƙafa 26 tana ba da 173. Amma santimita ɗaya a nan ta kusa bakwai a tsayi, kuma mutane masu tsayi ɗaya suna sa takalma mabambanta, don haka wannan ƙiyasi ne na masu binciken laifi da ke son rage yawan waɗanda ake zargi, ba na gefen gadon asibiti ba. Sawun da aka bari a yashi ko laka ya fi wannan rashin tabbas, domin gudu da santsi suna ja masa tsawo, lambar takalmi kuwa kowane kamfani da nasa.

Masu binciken ƙasusuwan matattu sun fi dogara da ƙashin cinya, mafi tsawo a jiki, wanda ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na tsayi. Mildred Trotter, wadda ta yi aikin tantance gawarwakin sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu a Hawai, ita da Goldine Gleser sun wallafa lissafinsu a 1952: (2.38 × ƙashi) + 61.41 ga namiji farar fata, (2.11 × ƙashi) + 70.35 ga namiji baƙar fata. Na busasshen ƙashi ne da aka ɗora a allon awo. Ba a auna cinyar mai rai daga waje a zuba a ciki, domin kan ƙashin yana can cikin ƙugu inda tef ba ya kaiwa.

Idan amsoshin suka saɓa

Za su saɓa. Ko an auna komai daidai, kowane lissafi matsakaicin jama'a yake bayarwa, kuma mutum ɗaya yana iya kauce masa da santimita 3 zuwa 4 cikin sauƙi, wani lokaci har 7 ko 8. Saboda haka a yi hanya biyu, ɗaya ta hannu ɗaya ta ƙafa. Idan mara lafiya yana iya miƙewa sambal a gado, a ƙara ta uku: a kwantar da gadon, a cire matashi, a tokare littafi a tsakar kai da wani a diddige, a yi alama a zanin gado, a auna tsakani. Wannan yakan ɗan ɗara tsayin tsaye, kuma katifa mai laushi tana ɓata shi. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa ma shaida ce, sai dai mutane sukan ƙara wa kansu, tsofaffi kuma tsayin samartakarsu suke tunawa.

A ce dattijo baƙar fata mai shekara 70: alna 28 ta ba da 174.5, tsayin gwiwa 53 a lissafin 1998 ya ba da 167.9. Kada a tara a raba biyu don a huta. A fara komawa kan alamomin, a sake aunawa. Idan lambobin suka dawo yadda suke, an riga an san alna tana ƙara wa irin wannan jiki, kuma lissafin gwiwar an gina shi a kan mutane masu kama da shi da shekaru irin nasa, don haka 168 ce za a ɗauka. Idan kuwa ƙafafun a kumbure suke sosai, ko gwiwar ta ƙi kaiwa digiri 90, to awon gwiwar ne abin zargi, sai a kawo rabin gaba ta raba gardama. Akwai kuma jikin da babu lissafin da zai yi masa daidai: wada, wanda gaɓɓansa gajeru ne a kan gangar jiki, da mai ciwon Marfan, wanda nasa suka zarce. Waɗannan a auna su a kwance, gaɓa-gaɓa idan ta kama, daga tsakar kai zuwa kafaɗa, zuwa ƙugu, zuwa gwiwa, zuwa diddige, a tara.

A takarda, kada a rubuta 167.94 kamar an auna da ma'aunin asibiti. A rubuta "ƙiyasi, 168", a sa hanyar da aka bi, da gefen da aka auna, da ɗanyen awon kansa, misali "tsayin gwiwar hagu 53.0", da kwanan wata. Ga babba, a riƙe wannan tsayin guda a duk lissafin BMI na gaba, don kada canjin hanya ya yi kama da canjin jiki. Ranar da mara lafiya ya samu ƙarfin tsayuwa, a kai shi bango a auna, a soke ƙiyasin.